Saiwar Gatarin Kurege

Ni na tsinko badon nan da hannuna. Ina so a fara sanin wannan kafin komai, don duk wanda ya tashi ba da labarin a Kurfi yakan tsallake wurin, sai ka ce badon da kansa ya fito daga tafki ya hau jaki.

Sunana Rabo, ni ne ɗan fari a gidanmu. Ƙanena Sodangi shi ne auta, akwai shekara tara tsakaninmu. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana lambun albasa a fadama, da jaki ɗaya, da mahaifiyarmu Inna Yelwa. Gidanmu yana can ƙarshen gari ta hanyar Tamawa, a wata 'yar unguwa mai shiru da ba ta fi gida goma sha biyu ba, inda ko akuya ce ta yi atishawa sai an leƙo a ga ta wane ce. A lokacin Nasara sun yi shekara ashirin da 'yan kai da cin ƙasar. An saba ganinsu daga nesa, amma ba a saba da su ba.

Wata ranar kasuwar Dutsin-Ma muka ɗora wa jaki albasa da alayyafo, muka kama hanya da asuba. Da muka zo tafki na ga rana za ta yi zafi, sai na naɗe wando na shiga ruwa har gwiwa, na yago ganyen bado don in rufe alayyafon kada ya yi yaushi. Furanni uku suka biyo ganyen, ban ko kula da su ba. Da muka sauke kaya a kasuwa na ce wa Sodangi ya tsaya, ni kuma na zaga maƙera a gyara mini bakin fartanya. Ban daɗe fiye da shan ruwa ba. Ina dawowa na tarar mutane sun yi da'ira a kan kayanmu, ga Baturiya a tsakiya da laima, ga kukunta a gefe, ga Sodangi yana washe baki.

Matar Baturen hanya ce, wanda aka turo ya fitar da hanyar mota daga Katsina ta bi ta Kurfi zuwa Dutsin-Ma. A barikin Dutsin-Ma suke zaune, kowa Uwargida yake ce mata. Ba ta taɓa albasa ba, ba ta dubi alayyafo ba. Murfin kayan ta saya. Kukun nata, wani dattijo mai suna Sabitu wanda ya jima yana yi wa Turawa girki har ya ji harshensu, shi ya yi bayani: Uwargida tana zana furanni a takarda, tana neman wanda zai riƙa kawo mata na daji duk mako. Ta tambayi Sodangi ko zai iya, ya ce zai iya. Da na kutsa na ce ni ne wansa, kuma ni na tsinko, Sabitu ya ce, "To madalla," ya bi bayan laima.

Haka aka yi ƙanena ya zama mai kai fure bariki. Mutanen unguwa suka yi ta dariya wata guda, ni ma na taya su, har na fi kowa. Ƙato da gemunsa yana yawo a daji yana tsinkar abin da ko 'yan mata ba su damu da shi ba! Furen gurjiya, furen ɗorawa mai kama da tuntun hula, har furen tumfafiya da ke kan kowace bola, duk sai ya jera su a ƙwarya cikin jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, ya ɗaure a kan jaki kamar mai ɗauke da ƙwai. In rana ta ɗaga ya tsaya a inuwa ya yayyafa musu ruwa. Ni ban taɓa ganin ya yi wa albasarmu wannan lallashi ba.

Dariyar ba ta daɗe ba. Ya dawo da sabulu mai ƙamshi, ya ba Inna. Ya dawo da farin bargo, ya ba Inna. Sannan dagaci ya aiko cewa kowane gida ya ba da mutum ɗaya don aikin hanya, kuma Sodangi yana da 'yar takarda daga bariki da ta ce kada a taɓa shi. Saura wa? Na yi rani guda cur ina ɗaukar marmara a kwando, wuyana kamar ya karye, hedimasu masu tsaron aiki na yi mana ihu. Duk mako sai ga ƙanena ya biyo ta sabuwar hanyar da nake zuba wa dutse, yana kora jakinmu a hankali kada fure ya girgiza. Ni ina yi wa mijin dakon dutse, shi yana yi wa matar dakon fure. Yakan tsaya ya durƙusa ya gaishe ni a gaban kowa, ya miƙo mini goro. Wallahi da ya wuce bai kula ni ba da ya fi mini sauƙi.

Amma ba bargo ne ya ci mini tuwo a ƙwarya ba, ba kuma dutse ba. Inna ce. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana son in zo sai ta ce, "A kira mini wancan." In na kawo mata damin gero na farko sai ta dubi bango ta ce, "A ajiye can." Na san kunyar ɗan fari ce, kowace uwa haka take yi, kuma na san da ta yi akasin haka da mata sun zage ta. Sanin hakan bai taɓa rage mini komai ba. Shi kuwa auta babu kunya tsakaninsu. Tana jin kukan jaki a ƙofar gida za ta tashi tana, "Sodangi na! Sodangi ɗan albarka!" har maƙwabta su ji. Shekarata talatin da huɗu a duniya, ni ke ciyar da gidan nan, abin da nake so bai wuce rana ɗaya tak ta dube ni ta ce na yi wani abu ba. Na ji ƙyashin ƙanena, ƙyashi mai hana cin abinci, kuma ba zan sa masa wani suna ba.

Akwai wani kwari a bayan duwatsun gabas da gari wanda ba kowa ya san hanyarsa ba. Nan gatarin kurege yake fitowa. Bayan ruwan farko sai ka ga kara ɗaya ya ɓullo daga ƙasa tsirara, babu ganye ko ɗaya, ya kai gwiwar mutum, furanni shunayya sun jeru a kansa. Kwana goma sha ya yi ya ɗauke, sai kuma baɗi. A ƙarƙashinsa akwai saiwa dunƙulalliya kamar rizga babba. Mahaifinmu yakan tono biyu ko uku, ya fere, ya yayyanka, ya shanya, ya daka ya kwaɓa da man shanu, ya shafa wa mai kumburin ƙafa. Ni ya riƙa ɗauka zuwa wurin, don lokacin Sodangi bai iya tafiya ba. Ni kuma, da wautata, na nuna wa Sodangi bayan rasuwarsa.

A bazarar farko ta aikinsa ya tuna da kwarin a makare, ya tarar saura kara biyu. Ya kai mata. Aka ce da ta buɗe ƙwaryar sai da ta miƙe tsaye. Sabitu ya gaya masa cewa a ƙasarsu okid suke kiran irinsa, manyansu ne ke aika wa juna shi kyauta, kuma ba kowa ake ba ba sai wanda aka ga girmansa. Ta zana ɗaya. Ɗayan ta sa a gwangwani da jiƙaƙƙiyar auduga, ta haɗa da wasiƙa, ta aiki Sodangi ya kai wa wata Baturiya ƙawarta a Katsina. Ya dawo da labarin birni cike da baki, da takarda mai zanen furen wadda Uwargida ta ba shi kyauta. Inna ta manna ta a saman jeren tasoshinta. Mata suka riƙa zuwa kallo daga unguwanni, tana ba su labari kamar ita ta haifi Baturiyar. A kasuwa kuwa aka fara nuna ni ana cewa, "Ga wan Sodangi nan."

Shekara ta zagayo, aka sallame mu daga hanya don shuka ta matso. Sai ga Sodangi da sabon labari. Uwargida ta ce bana ba ta son a tsinko mata. Da kanta za ta hawo doki ta zo Kurfi ta ga gatarin kurege a inda yake tsaye, ta zana shi a can, ta kuma biyo ta gaida mahaifiyarsa. Bayan haka mijinta zai rubuta Sodangi a matsayin mai lambun bariki na dindindin. Inna ta sa aka yi sabon daɓe. Ta sa aka shafe zaure da farar ƙasa, ta aika aro tabarmi har Tamawa. Ni aka sa ɗebo ƙasar daɓen.

Rannan muna gyaran mangala na kasa haƙuri.

"Kai Sodangi, wai mi take yi da huren nan?"

"Kallo take, Yaya. Ta dube shi, ta zana."

"Sannan?"

"Shi ke nan. In ya bushe a zubar."

"Ba ta dahwawa? Ba ta jiƙawa ta sha?"

"A'a wallahi."

"Ka taɓa hwaɗa mata amfanin saiwar?"

Ya yi dariya. "Ba ta tambaya ba, Yaya. Ita huren take so."

Na dube shi na ce a raina, ko dai yaron nan sakarai ne, ko kuwa ya fi ni wayo. Ni manomi ne ɗan manomi. Kowane tsiro da na sani, amfaninsa yana cikin 'ya'yansa, ko ganyensa, ko saiwarsa. Fure alama ce kawai, kamar tuta, yana gaya maka inda za ka tona. Mutanen da suka ƙera jirgin ƙasa, suka ci Kano da Sakkwato, a ce matarsu za ta yi tafiyar yini a kan doki cikin zafin bazara don ta kalli tuta? Ban yarda ba. Na ce magani take nema, kunya ko rashin harshe ya hana ta faɗi, shi ya sa take son a nuna mata wurin. Shi kuma Sodangi ya gane, yana ja mata rai da fure, ya ɓoye ainihin abin don kada aikinsa ya ƙare. Na juya maganar nan kwana uku har ta zauna daram. Zan faɗi gaskiya: can ƙasan zuciyata akwai wani ɗan wuri da ya san ƙanena ba ya ƙarya. Na danne wurin da ƙafa.

Aka yi ruwan farko. Ran Lahadi Sodangi ya je kwari ya dawo yana rawar jiki, ya ce bai taɓa ganin ya fito kamar bana ba. Ran Litinin ya kora jaki ya tafi Dutsin-Ma ya kai labari, zai zauna can ya jagorance ta ran Alhamis. Ƙurar jakin ba ta kwanta ba na ɗauki dagi da wuƙa da kwando.

Kwarin ya cika. Daga bakin dutse har gindin tsamiyar da ke can ƙarshe, shunayya ce ko'ina a kan baƙar ƙasar da gobarar daji ta ƙone, ƙudan zuma na ta kai da kawowa. Na tsaya na ɗan lokaci ina kallo, sai na ji haushin kaina, na tofa yawu a hannu na fara. Na yi aikin yadda ake yin aiki. Ban sari saiwa ko ɗaya da dagi ba, a hankali na riƙa zagaye kowace ina ɗago ta. Mahaifinmu uku yake ɗauka, amma shi maƙwabci yake yi wa magani. Wanda zai kai wa manya gaisuwa ba ya zuwa da abu uku a tafin hannu. Kuma, tun da na ce zan faɗi gaskiya, ba na son a bar ko ɗaya da wani zai nuna wa wata ran Alhamis. Na bi kwarin kaf. Na gutsure karan da furannin na watsar gefe kamar yadda ake yi wa lawashin albasa, suka yi tsibi. Na wanke saiwar a ruwan da ya taru a kan dutse, na fere, na yayyanka sirara, na baza a kan falalen dutse. Ranar bazara ba ta wasa, kafin yammacin Talata sun bushe ƙayau, farare tas. Ban taɓa yin aiki mai tsabta kamar wannan ba.

Ran Laraba na sa rigata ta Salla, na zuba su a sabon kwando, na rufe da faifai mai ado, na ɗora a ka. Duk tsawon hanyar ina shirya abin da zan faɗa, ina kuma jin muryar Inna in labari ya iso mata.

Barikin yana wajen gari a gindin dutse, gidaje uku ne da fararen duwatsu jere a bakin hanya, shiru kamar ba mutane. Na iso rana ta take tsaka. Uwargida na zaune a baranda tana shirya 'yan kwalaben launi a akwati, furanni a kwalabe ta ko'ina. Sodangi na gefe yana shafa wa sirdin dokinta mai. Da ya gan ni ya taso da sauri.

"Yaya! Lahiya? Inna ce?"

"Lahiya lau. Ba wurinka na zo ba."

Sabitu ya fito daga madafa yana goge hannu. Na sauke kwando, na durƙusa, na yi gaisuwa, sannan na ce ya gaya wa Uwargida ni ne Rabo, babban gidan, wanda ya gaji sanin itatuwa daga mahaifinmu. Na ce ya gaya mata yaron nan ya yi shekara biyu yana yaudararta da fure, ya ɓoye mata abin da ke da amfani don ya ci gaba da cin arzikinta. Na ce ni ba na cin amana, ga ainihin abin na kawo mata har gida, ba sai ta sha rana ba. Duk wannan a gaban Sodangi na faɗe shi, ban dube shi ba. Sabitu ya dube ni, ya dubi Sodangi, sannan ya juya ya yi mata Turanci. Doguwar maganata bai fi kalma biyar ya mayar da ita ba.

Ta yi murmushi ta matso. Na ɗaga faifai.

Ta ɗauki yanki ɗaya ta jujjuya, ta shinshina, ta tambayi Sabitu.

"Ta ce mene ne wannan? Rogo ne?"

"Gatarin kurege ne," na ce da ƙarfi. "Saiwarshi. A daka a kwaɓa da man shanu."

Na ji abin da Sodangi ke riƙe da shi ya faɗi ƙasa. Sabitu bai juya maganar nan da nan ba, sai da ya tambaye ni da kansa, a hankali.

"Malam Rabo, guda nawa ka tono?"

"Duka. Ban bar ko ɗaya ba."

"Furen fa?"

"Shina can na zubar. Mi za a yi da shi?"

Ya gaya mata. Na ga murmushin ya tsaya a fuskarta bai san inda zai tafi ba. Ta sake tambaya, ya sake amsawa. Sai jini ya hau mata fuska har kunne, ta saki yankin ya faɗi, ta koma ta zauna a kujera ta rufe baki da hannu. Hawaye na gani, a idon Baturiya, saboda ciyawa. A nan ne wurin nan da na danne a zuciyata ya taso. Ashe kallon take yi. Ashe shi ke nan ɗin, shi ke nan ne.

Ta miƙe tana magana da sauri, tana nuna ni, tana nuna hanyar da mijinta ke aiki. Ba sai an juya mini ba, na ga yadda ake ɗaure mutum a turke a wurin aikin hanya kan abin da bai kai wannan ba.

Sabitu ya ce, "Ta ce wa ya sa ka? Ta ce shekara guda tana jira. Ta ce in Maigida ya dawo za ka yi masa bayani."

Ina neman abin faɗi sai na ga Sodangi ya zo ya durƙusa kusa da ni.

"Baba Sabitu, hwaɗa mata ni na sa shi. Na ce ma Yaya Uwargida na son gatarin kurege, shi taimake ni, ban ce mashi hure ba. Mu wurinmu in an ce gatarin kurege saiwa ake nuhi. Yaya ya yi abin da ya sani ne. Laihina ne."

Sabitu ya daɗe yana kallonsa. "Ka san abin da kake faɗi, ɗana?"

"Na sani. Hwaɗa mata hakanan."

Wannan karon Sabitu bai rage komai ba. Ta dubi Sodangi, kuma kallon ya fi wanda ta yi mini muni, don ni ba ta san ni ba. Ta faɗi 'yan kalmomi, ta rufe akwatin launinta, ta shige ciki.

"Ta ce ku tafi," in ji Sabitu. "Ta ce kai Sodangi kada ka sake kawo mata komai. Takardar da ke hannunka ma ka bar ta nan." Ya karɓi takardar ya ninke. Da zai juya ya ce mini, ba tare da ya ɗaga murya ba, "Abin da ka faɗa a kan ƙanenka ban juya mata ba. Ba don kai ba. Kwashe kayanka."

Muka kwana gidan wani mai saye mana albasa. Da safe muka kamo hanya, jaki a gaba da ƙoren fure babu komai ciki, kwandona a samansu. Ina jira ya zage ni. Na shirya amsa iri-iri, har da mari in ta kama. Muka wuce tafki, muka wuce inda aka tara marmara, zagin bai zo ba. Ni ne na gaza.

"Wa ya roƙe ka?" na ce. "Wa ya ce ka shiga? Kana so a ce ka fi ni hali kuma?"

Muka ƙara tafiya, sannan ya ce, yana kallon ƙafar jaki, "Yaya, har na gindin tsamiyar?"

"Har shi."

"Akwai wasu ƙanana bayan dutsen, da ba su yi hure ba tukuna."

"Na gan su."

Ya gyaɗa kai. Ya sa gefen rigarsa ya share fuska kamar zufa ce, ya ce wa jaki ya tafi.

Muka iso Kurfi bayan azahar. Tun daga nesa na ga unguwarmu ba yadda na san ta ba. An share ƙofar gida an yayyafa ruwa, an shimfiɗa tabarmin aro, dattawa na zaune a gindin bango, mata sun cika soro suna leƙe, har mai unguwa ya zo da rawaninsa. Inna na tsaye daga cikin zaure da sabon zane, ga ƙwaryar fura an rufe da faifai. Suka ga mutum biyu da jaki, suka ci gaba da duban bayanmu.

Sodangi ya gaida dattawa, ya wuce wurin Inna ya durƙusa. Na bi shi don ba ni da wurin zuwa. Na ce a raina, to, ga inda ya ajiye abin, a gaban kowa zai fasa. Har wani sanyi na ji, don in ya fasa mun yi daidai.

"Inna, Uwargida ba ta samu zuwa ba. Zazzaɓi ya kama ta, kuma an ce sun kusa tashi, aikin hure ya ƙare. Ta ce a ba ki haƙuri." Ya ɗan tsaya. "Amma ta ga Yaya. Ya kai mata irin maganin Baba, wanda ya haɗa da hannunshi. Ta ce ba ta san gidanmu akwai mai sani haka ba. Ta ce ashe ni ɗan aike ne kawai, babban na gida."

Mata suka yi ta salati ana "Allah shi ba ta lahiya." Mai unguwa ya juyo ya dube ni da kyau, ya ce, "Ai kau Rabo ya gado ubanshi." Inna ta sunkuya ta ɗauki ƙwaryar furar da ta dama wa Baturiya da nonon da ta aika aka nemo mata tun daga ruga. Ba ta ba wata ta miƙo mini ba. Ta tako da kanta, a gaban matan unguwa duka, ta sa mini a hannu, ta ɗago ido ta dube ni.

"Sha, ka sha rana," ta ce. "Allah shi yi maka albarka. Dama na sani."

Wata tsohuwa ta yi guɗa tana tsokanarta wai yau kunya ta ƙare, Inna ta rufe fuska da mayafi tana dariya.

Na tsaya da ƙwarya a hannu. Kalma ɗaya ta isa in mayar wa kowa da abinsa, kuma na buɗe baki, Allah ya sani na buɗe. Na waiwaya in ga Sodangi. Ya riga ya koma wurin jaki, ya ba mu baya, yana kwance igiyar mangala a natse kamar kowace rana. Ya bar mini wurin gaba ɗaya, kyauta, kuma ya fi ni ko a nan. Ban taɓa jin zafin wani ɗan Adam kamar yadda na ji nasa a wannan lokacin ba.

Inna tana jira. Na kafa kai na sha furar har ƙasa.